Bambancin Hanyoyin Shiga Jami'a Tsakanin Nijeriya da Nijar: Nazari Daga Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Hausa ɗaya ce ta fuskar harshe da addini da al'ada, amma tun daga yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a shekarun 1890, 1898, 1904 da 1906 aka ja mata layi a tsakiya, kudu ta faɗa hannun Ingilishi, arewa kuma hannun Faransawa. Kowane ɓangare ya gaji tsarin ilmin boko na wanda ya mulke shi, kuma samun mulkin kai a 1960 bai kawar da wannan gado ba. Saboda haka yaron da ya gama sakandare a Gwaram da takwaransa da ya gama a Damagaram, ko da za su kwana suna hira ba tare da tafinta ba, hanyoyin da za su bi su shiga jami'a sun sha bamban ƙwarai da gaske.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake ɗaukar ɗalibai a jami'o'in ƙasashen biyu, da abin da yake fuskantar ɗalibin da ya yi niyyar tsallaka iyaka domin neman ilmi, da kuma matsayin harshe a cikin al'amarin. An ɗauki Birnin Kudu da Gwaram a matsayin wurin tsayawa a hango batun, domin a ga yadda ƙa'idojin da ake tsarawa a Abuja da Yamai suke shafar iyalin da ke karkara.

2.0 Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne a kudancin Jihar Jigawa, a cikin masarautar Dutse, suna maƙwabtaka da Jihar Bauchi. Kafin ƙirƙiro Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, gundumomi ne na ƙasar Kano. Birnin Kudu tana kan tsohuwar hanyar mota da ta tashi daga Kano ta nufi gabas, kuma ta daɗe da yin suna a fagen ilmin boko saboda Kwalejin Gwamnati da ke garin, wadda ta yaye manyan mutane da dama. Daga cikinsu akwai Alhaji Aliko Ɗangote, wanda daga nan ya wuce Jami'ar Azhar ta Alƙahira. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa fita waje neman digiri ba baƙon abu ba ne a wannan yanki.

Hasali ma tafiya neman ilmi ta girmi boko. Almajiri yakan bar garinsu ya yi gabas, ko ya nufi Kano da Zariya, ba wanda zai tambaye shi takarda. Malami yakan saurari karatunsa ya san inda zai ɗora masa, in ya sauke littafi a ba shi izini da baki ko a rubuce, a haɗa shi da salsalar malamai. Shaidar ilmi tana ƙirjin mai shi, kuma ana karɓarta a Katsina kamar yadda ake karɓarta a Agadas. Tsarin jami'a kuwa ya ɗora kome a kan takardar da wata hukuma ta buga wa hatimi, ƙarfin hatimin nan kuma yakan ragu da zarar an ƙetare iyakar ƙasar da ta buga shi.

A yau ɗalibin wannan yanki yana da jami'o'i kusa da gida: Jami'ar Tarayya ta Dutse (2011), Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa (2013), da Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Duk da haka masu nema sun fi guraben da ake da su yawa, musamman a fannin likita da lauya da injiniya, ga kuma yajin aikin malaman jami'a, wanda na 2022 kaɗai ya ɗauki wata 8. Waɗannan dalilai su ne suke sa iyaye su waiwayi ƙasashen maƙwabta. Jigawa kuwa tana iyaka da jihar Damagaram ta Nijar ta wajen Maigatari, kuma daga Birnin Kudu, Damagaram ta fi Sakkwato kusa.

3.0 Tsarin Nijeriya

3.1 Takardar sakandare

Tun da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, yaro a Nijeriya yana yin shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, jimla 12. A ƙarshe yakan zauna jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 domin ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Ingila, ko ta NECO, wadda ta fara jarrabawa a 2000, ko ta NABTEB ga 'yan makarantun sana'a, ko ta NBAIS ga 'yan makarantun Larabci da addinin Musulunci. Abin lura shi ne kowane darasi ana ba shi sakamakonsa daban, daga A1 zuwa F9, kuma daga A1 zuwa C6 ne ake kira kiredit. Jami'a tana neman kiredit 5 a darussan da suka dace da fannin da ake so, Turanci a ciki, haka ma Lissafi a mafi yawan fannoni, kuma an yarda a haɗa sakamakon zama biyu. Ma'ana, wanda ya faɗi Lissafi bana yana iya sake shi baɗi, sauran darussan da ya ci suna nan a ajiye.

3.2 Hukumar JAMB

Kiredit 5 sharaɗi ne na farko kurum. Kafin 1978 kowace jami'a ita take ɗaukar ɗalibanta, har ya zama mutum ɗaya yana samun gurbi a jami'o'i uku, wani kuma ya rasa ko ɗaya. Domin magance haka gwamnatin soja ta kafa hukumar JAMB a 1978. A 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'o'i da ta kwalejojin fasaha da na ilmi ta zama ɗaya, watau UTME, kuma daga 2015 gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta. Ɗalibi yakan amsa darussa 4, Turanci dole, jimlar maki 400. Sakamakon na shekara ɗaya ne, wanda bai samu gurbi ba sai ya sake zama. Bayan wannan kuma, tun 2005 jami'o'i suna yin tasu tantancewar, sa'an nan daga 2017 duk gurbin da aka bayar sai ya bi ta na'urar JAMB kafin ya tabbata.

3.3 Rabon gurabe

A jami'o'in tarayya maki ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, 35 ga 'yan jihohin da jami'ar take yi wa hidima, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilmin boko, Jigawa tana cikinsu. Saboda haka takardar shaidar ƙaramar hukuma da ɗan Gwaram yake karɓa tana da nauyi a wajen neman gurbi a Kano ko Dutse. Wannan rabo an gina shi ne a kan jihar asali, domin daidaita 'yan ƙasa. Baƙo ba shi da jiha, don haka ba ya cikin kason yanki ko na jihohin baya, sai dai jami'a ta duba shi a matsayinsa na ɗalibin waje, kuma kuɗin da yake biya ya fi na ɗan ƙasa.

3.4 Shiga kai tsaye

Akwai ƙofa ta biyu, wadda ake kira shiga kai tsaye. Mai takardar NCE, ko difloma, ko sakamakon share fage irin na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, yana iya shiga aji biyu na jami'a ba tare da ya zauna UTME ba, amma sai ya yi rajista da JAMB. Wannan ƙofa ita ce ta fi shafar mai zuwa daga ƙasashe rainon Faransa, kamar yadda za a gani a gaba.

4.0 Tsarin Nijar

4.1 Bakaloriya

A Nijar yaro yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kolej, inda yake zana jarrabawar BEPC, sa'an nan 3 a lise, jimla 13. A ƙarshen lise ne ake zana bakaloriya, wadda jama'a suka fi kira bak. Tun daga lise ake raba ɗalibai rukuni-rukuni: A ga masu adabi da harsuna, C ga masu Lissafi da Fiziya, D ga masu kimiyyar halittu, ga kuma rukunan fasaha da kasuwanci. Falsafa darasi ne da kowa yake yi a shekarar ƙarshe.

Hanyar auna sakamako ta saɓa da ta Nijeriya tun daga tushe. Ana ba kowane darasi maki daga 0 zuwa 20, a ninka shi gwargwadon nauyinsa a rukunin ɗalibi, a haɗa duka a fitar da matsakaici. Wanda ya samu 10 cikin 20 ya ci. Wanda ya gaza da kaɗan ana ba shi zagaye na biyu. Daraja tana hawa daga 12 zuwa 14 zuwa 16. Ke nan ƙarfi a wani darasi yana iya rufe rauni a wani, amma wanda ya faɗi ya faɗi duka, babu darasin da zai ajiye, sai ya sake shekara. Jarrabawa ce mai tsauri, kuma a shekarun baya-bayan nan waɗanda suke cin ta ba su kai rabin masu zama ba.

4.2 Bakaloriya ita ce mabuɗi

A al'adar ilmi ta Faransa, tun daga dokar Napoleon ta 1808, ana ɗaukar bakaloriya a matsayin matakin farko na jami'a. Saboda haka ita ce jarrabawar fita daga sakandare, ita ce kuma ta shiga jami'a. Babu wata hukuma irin JAMB da za ta sake jarraba kowa da kowa. Mai bakaloriya yana miƙa takardunsa, a duba rukuninsa da makinsa, a tura shi tsangayar da ta dace. Wasu makarantu na musamman, kamar makarantar ma'adinai da masana'antu ta EMIG da ke Yamai, su ne suke tace masu shiga ta hanyar gasa. Bambancin ke nan a taƙaice: Nijar tana tacewa a ƙofar fita daga lise, sa'an nan ta sake tacewa a shekarar farko ta jami'a, inda da yawa suke maimaita aji, Nijeriya kuwa tana tacewa a bakin ƙofar jami'a.

4.3 Jami'o'in Nijar

Jami'ar Yamai ta faro a matsayin cibiyar ilmi mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati, sai a 2010 aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Dukansu da Faransanci suke koyarwa, kuma suna bin tsarin LMD, watau lisans shekara 3, masta 2, dokta 3. Ban da su akwai Jami'ar Musulunci ta Say, wadda Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince da kafawa a taron Lahor na 1974, ta buɗe a 1986, kuma Larabci ne ginshiƙin karatunta. Akwai kuma masu zaman kansu, irin su Jami'ar Maryam Abacha ta Maraɗi (2013), wadda take koyarwa da Turanci, ɗalibanta da yawa 'yan Nijeriya ne.

5.0 Lissafin Shekaru

Idan aka jera tsarin biyu za a ga cewa ƙarshensu ɗaya ne. A Nijeriya shekara 12 ne kafin jami'a, digirin farko kuma 4 a yawancin fannoni, jimla 16. A Nijar 13 ne kafin jami'a, lisans 3, jimla 16. Inda aka saɓa shi ne wurin da aka ajiye shekara ta 13: Nijar ta sa ta a lise, Nijeriya ta sa ta a ajin farko na jami'a.

A da can tazarar ba ta kai haka ba. Kafin tsarin 6-3-3-4 ɗalibin Nijeriya yakan yi shekara 5 a sakandare, ya ƙara 2 na HSC, sa'an nan ya yi digiri a shekara 3. Takardar HSC ita ce takwarar bakaloriya. Da aka soke ta a makarantun gwamnati sai takardar gama sakandare ta Nijeriya ta koma ƙasa da bakaloriya da shekara guda. Daga wannan shekara guda ne mafi yawan matsalolin daidaita takardu suke tasowa.

6.0 Tsallaka Iyaka

6.1 Daga Damagaram zuwa Dutse ko Kano

Mai bakaloriya da ya nufo Nijeriya yana da riba ta fuskar shekaru, domin bakaloriya tana cikin takardun da ake karɓa a shiga kai tsaye, watau yana iya fara karatu daga aji biyu. Amma akwai tsani uku a gabansa. Na farko fassara takardunsa zuwa Turanci da tantance su. Na biyu mayar da maki 20 na jimla zuwa ma'aunin da yake duba darasi ɗai-ɗai, domin wanda ya ci bak da 12 yana iya kasancewa ya samu 7 a darasin da jami'ar Nijeriya ta mayar sharaɗi. Na uku, kuma mafi girma, shi ne Turanci. Ko da yake ana koyar da shi a Nijar tun daga kolej, darasi ne kawai a cikin darussa, bai isa a saurari lacca a rubuta jarrabawa da shi ba. Shi ya sa da yawa sukan share watanni suna koyon harshen kafin su fara karatun da ya kawo su.

6.2 Daga Gwaram zuwa Damagaram ko Yamai

Wanda ya tashi daga nan ya nufi jami'ar gwamnati a Nijar bai da bukatar JAMB, kuma babu kason jiha da zai taimake shi ko ya hana shi. Sharaɗin shi ne bakaloriya ko takardar da aka yarda daidai take da ita, don haka sakamakonsa na WAEC ko NECO sai ya je gaban ofishin da ke kula da bakaloriya da daidaita takardu, a nan kuma batun shekara 12 da 13 zai taso. Bayan haka ga Faransanci. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, manufar ilmi ta ƙasa kuma ta sa shi a manhaja, amma makarantun karkara ba su da isassun malamansa, kuma yawancin masu gama sakandare a wannan yanki ba su taɓa zama a ajinsa ba.

Batun kuɗi ma yana da nasa bambanci. Ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa ta zartar a 2005 cewa a daidaita ɗaliban ƙasashenta da 'yan ƙasa a jami'o'in gwamnati. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Sakamakon haka ɗan Senegal, wanda ƙasarsa take nesa, ya fi Bahaushen Jigawa kusanci da jami'ar Damagaram ta fuskar doka. Ga kuma faɗuwar darajar naira tun daga 2023, wadda ta sa kuɗin makaranta da na masauki da ake biya da sefa suka yi wa iyaye nauyi.

Waɗannan dalilai su suka sa 'yan Nijeriya da ke karatu a Nijar suka fi karkata ga ƙofofi biyu: masu Larabci su nufi Say, masu Turanci kuma su nufi jami'o'i masu zaman kansu da suke karɓar sakamakon WAEC da NECO kai tsaye.

6.3 Sauran maƙwabta

Jamhuriyar Benin da Chadi suna bin tsarin bakaloriya kamar Nijar. Kamaru kuwa ta haɗa biyun, domin yankinta na Turanci yana da jarrabawar GCE mai mataki biyu, yana kuma da jami'o'in Buea da Bamenda masu koyarwa da Turanci. Gana, ko da yake ba ta iyaka da Nijeriya, misali ce mai amfani: jarrabawar WAEC ɗaya ake yi, amma babu hukuma irin JAMB, kowace jami'a ake nema kai tsaye, a haɗa sakamakon darussa 6 a fitar da jimla. Wannan ya nuna cewa ko takarda ta zama ɗaya, ƙofar shiga tana iya bambanta.

7.0 Matsayin Harshen Hausa

Abin da ya fi dacewa masu nazarin harshe su lura da shi shi ne cewa Hausa, wadda ita ce ta haɗa ɗaliban ɓangarorin biyu, ba ta buɗe ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan. A Nijeriya ana zana Hausa a WAEC da NECO, tana kuma cikin darussan UTME, ana yin digiri a kanta har zuwa na uku a Kano da Zariya da Sakkwato, amma ko mai neman digirin Hausa sai ya kawo shaidar Turanci. Ke nan Badamagare da ya tashi da harshen a bakinsa, in yana son nazarinsa a Jami'ar Bayero, Turanci ne zai yi masa iso. A Nijar an fara gwajin koyarwa da Hausa a firamare a Damagaram tun 1973, amma bakaloriya da Faransanci ake zana ta, ko da Larabci da Faransanci ga 'yan makarantun da suka haɗa harsunan biyu.

Rabuwar ta shiga har cikin kalmomin makaranta. Na kudu yana cewa firamare da sakandare da hedimasta da digiri da satifiket, na arewa yana cewa lakwal da kolej da lise da mushe da lisans. Kalmar kwaleji a Nijeriya tana iya nufin makarantar gaba da sakandare, kolej a Nijar kuwa ƙaramar sakandare ce. Difloma a Nijeriya takardar shekara 2 ce ta ƙasa da digiri, amma a bakin mutumin Nijar kalmar da ta yi kama da ita tana nufin kowace irin takardar kammala karatu. Uba da bai san wannan ba yana iya jin kalma ya ɗauka ya gane, alhali abin da ake nufi daban ne. An yi ƙoƙarin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, amma daidaita kalmomin ilmi da na mulki tsakanin ƙasashen biyu aiki ne da yake jiran masana.

A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin riƙo na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Wannan mataki ne babba, sai dai kafin harshe ya zama na jarrabawar shiga jami'a yana bukatar littattafan kimiyya, da malamai, da kalmomin fannu da aka amince da su.

8.0 Dawowa Gida da Takarda

Samun gurbi rabin tafiya ne, sauran rabin shi ne a karɓi digirin idan an dawo. Ɗan Nijeriya da ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta tantance takardunsa kafin ya shiga bautar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, kuma sai da ita ake ɗaukar mai digiri aikin gwamnati. A wajen tantancewar ana duba ko jami'ar tana da izini a ƙasarta, ana kuma duba kiredit ɗinsa na sakandare. Saboda haka wanda ya gudu waje domin ya rasa Turanci ko Lissafi, zai tarar da su suna jiransa a bakin ƙofa. Mai digirin likita sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa. Mai digirin lauya sai ya yi ƙarin karatu kafin Makarantar Horar da Lauyoyi, ga shi kuma dokar Nijar daga ta Faransa ta samo asali, ta Nijeriya kuwa daga ta Ingila.

Hatsarin ya fito fili a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni kaɗan. A watan Janairu na 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, abin da ya jefa har waɗanda suka yi karatu na gaskiya cikin zulumi. Ga manomin Gwaram da ya sayar da amfanin gona ko bisashe ya biya wa ɗansa karatun shekara 4, takardar da aka ƙi karɓa asara ce da take shafar gida gaba ɗaya.

Akwai yarjejeniyoyi da aka yi domin sauƙaƙa wannan, kamar ta Arusha ta 1981, wadda aka sabunta a Adis Ababa a 2014, da ta ECOWAS ta 2003 a kan daidaita takardun ilmi. Ƙasashe rainon Faransa kuma suna da hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968, Nijeriya ba ta cikinta. Siyasa ma tana da nata tasiri. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyakar ƙasashen biyu na watanni, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu, 2025.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa bambancin ya ta'allaƙa ne a kan abubuwa huɗu: yawan shekarun da ake yi kafin jami'a, yadda ake auna sakamako, wurin da ake tace ɗalibai, da harshen koyarwa. Nijeriya tana duba darasi ɗai-ɗai, ta ƙara da jarrabawar gasa da kason jiha. Nijar tana duba jimla, ta mayar da bakaloriya mabuɗi.

Abin da ya kamaci malaman sakandare na Birnin Kudu da Gwaram shi ne su sanar da ɗalibai da iyayensu waɗannan ƙa'idoji tun kafin a kashe kuɗi, musamman wajibcin cika kiredit 5 da tabbatar da matsayin jami'a a wajen Ma'aikatar Ilmi kafin a tafi. Jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Kano kuwa suna da damar ƙulla yarjejeniya da na Damagaram da Maraɗi a kan shekarar koyon harshe da musayar ɗalibai. Sassan nazarin Hausa su ne suka fi cancanta su fara, domin a fanninsu ne kaɗai ɗalibin kowane ɓangare yake zuwa da kayan aikinsa a baki. Aikin farko da ke gabansu shi ne tattara kalmomin ilmi na ɓangarorin biyu a ƙamus guda, yadda uba a Gwaram zai karanta takardar da ta fito daga Damagaram ya san abin da ta ƙunsa.